Kafin Ka Ce Inji Ya Mutu

Ruwan farko da ya sauka a Kaduna bana bai cika mako uku ba, sai farfajiyar gidanmu na gado ta koma tamkar fadama. Ciyawa ta kai ƙwauri, sauro ya samu masauki. Ranar da yaran gidan suka shigo da gudu suna cewa sun ga wani abu mai sulɓi ya shige ƙarƙashin tankin ruwa, sai maganar ta tashi daga batun ado ta koma batun lafiya. Na shiga ɗakin ajiya na jawo injin yankan ciyawar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari, wanda ya haura shekara 20 a gidan. Na ja igiyarsa har kafaɗata ta yi tsami. Ko tari bai yi ba.

Kafin la'asar gida ya rabu biyu. Ƙanena ya ce injin ya ci zamaninsa, a kira 'yan gwangwan su auna shi, mu haɗa kuɗi mu sayi sabo. Yayarmu ta ce kayan Baba ba na yarwa ba ne, kuma ƙarfen da ya fi na yanzu ƙwari, a kai shi gyara ko nawa ne. Kowa ya kawo hujja, kowa ya ɗaga murya. Abin da na lura da shi daga baya, wanda kuma shi ya sa nake wannan rubutu, shi ne a cikinmu babu wanda ya san abin da ke damun injin. Ko murfin tankinsa ba wanda ya buɗe.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: tambayar a gyara ko a sayi sabo tambaya ce ta biyu. Ta farko ita ce, mene ne ya lalace? Yawancin kuɗin da muke asara a kan injuna, walau wajen jefar da mai sauran rai ko wajen lallaɓa wanda ya gama, muna asarar su ne saboda tsallake tambayar farko. Mai karatun da ba shi da farfajiyar ciyawa kada ya ga kamar maganar ba tasa ba ce. Ƙaramin injin fetur da ke kan abin yankan ciyawa ɗan'uwan wanda ke cikin janareta ne, da injin ban-ruwa na fadama, da injin markaɗe na unguwa. Wanda ya fahimci ɗaya ya kusa fahimtar sauran.

Abu uku da inji ke nema

Irin wannan inji yana maimaita aiki huɗu ne a cikin silindarsa: ya zuƙi fetur gauraye da iska, ya matse su, tartsatsin fulogi ya kunna su su tura fistin, sannan ya fitar da hayaƙi. Saboda haka bukatarsa uku ce: mai da iska daidai gwargwado, wuta a kan lokaci, da matsi. Duk injin da ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ya rasa. Bincike shi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi sauƙi da araha.

Kafin komai, a zare wayar fulogi. Wuƙar injin tana manne da sandar da fistin ke juyawa, don haka juya wuƙar da hannu na iya tayar da injin kamar an ja igiya. Idan kuma za a kishingiɗa shi domin duba ƙasansa, a bar gefen kabureta da matatar iska a sama, in ba haka ba baƙin mai zai kwarara ya jiƙe matatar, a ƙara wa kai matsalar da babu ita tun farko.

Mai shi ne wanda ya fi kowa laifi. Fetur ba ya jure ajiya. Cikin 'yan watanni, sassansa masu saurin kamawa da wuta sukan tsere su bi iska, abin da ya rage ya yi kauri ya zama danƙo mai wari irin na tsohon fenti. A cikin kabureta akwai ramin da fetur ke bi, wanda bai fi bakin allura faɗi ba da yawa, kuma ɗan danƙo kaɗan ya isa ya toshe shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Injin yankan ciyawa ya fi sauran faɗawa wannan tarko, domin yana aiki da damina ne kawai, sannan ya kwana rani gaba ɗaya da ragowar fetur a cikinsa. Ita ma iska tana da nata rabon: inji na bukatar iskar da nauyinta ya kusa ninka na fetur sau 15, don haka matatar da ƙurar hunturu ta cika kan shaƙe shi, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi.

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama. A cire fulogi, a ɗiga fetur sabo kamar ƙaramin cokali ta raminsa, a mayar, a ja igiya. Idan injin ya tashi na 'yan daƙiƙoƙi ya mutu, ya ba da shaida a kan kansa cewa yana da wuta yana da matsi, fetur ne kawai ba ya isa gare shi. Wannan labari ne mai daɗi, domin maganinsa wanke kabureta da zubar da tsohon mai.

Idan bai motsa ba, sai a koma kan wuta. A cire fulogi, a mayar masa da wayarsa, a jingina jikinsa na ƙarfe da ƙarfen injin nesa da ramin da kuma inda fetur ya zuba, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi shi ake nema. Tazarar bakin fulogi a yawancin irin waɗannan injuna ba ta kai milimita ɗaya ba, tana wajen 0.7 zuwa 0.8. Fulogin da ya yi baƙi ƙirin ko ya tsage, sauya shi ya fi wanke shi. Idan sabon fulogi ma bai ba da wuta ba, zargi ya koma kan kwayil ko wayar da ke kashe injin.

Na uku, matsi, hannu ne ke fara jin sa. Lafiyayyen inji yakan yi gardama idan ana jan igiyarsa. Wanda igiyarsa ke tahowa sakayau kamar gugan da ya fito rijiya babu ruwa, matsinsa ya tsere, ko ta bawul, ko ta zobban fistin, ko ta gasket. Shuɗin hayaƙi da ba ya yankewa, tare da baƙin mai da ke raguwa bayan kowane aiki, alama ce ta cewa zobban ko silindar sun cinye.

Abin da muka tarar

Namu injin ya ci gwajin cokali: ya yi ruri sau ɗaya ya yi shiru. Da na kwance ƙoƙon kabureta, na tarar da ragowar fetur ɗin bara ya koma kamar zumar da ta daskare. Laifin nawa ne, domin ni na yi amfani da shi a ƙarshen daminar da ta wuce na tura shi ɗaki ban tsiyaye tankin ba. Na wanke, na sa sabon mai, ya tashi.

Sai dai da wata alama da ba ta kwanta mini ba: wani lokaci idan na ja igiya sai ta fizge hannuna ta koma da ƙarfi. Na ɗora shi a mota na kai wa wani dattijon bakanike da ke gyaran janareta da injunan ban-ruwa. Bai taɓa sifana ba sai da ya sa na tayar da injin sau biyu yana saurare. Sannan ya ce, "Alhaji, wannan ya taɓa cin dutse." Na ce, "Baba, ai duwatsun da ya ci ba su ƙirguwa."

A saman injin akwai faifan ƙarfe mai nauyi, ɗauke da maganaɗisu, wanda wucewarsa ta gaban kwayil ke haifar da tartsatsi. Abin da ke riƙe faifan a daidai mazauninsa a kan sandar injin wata 'yar sakata ce da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma da gangan aka ƙera ta da ƙarfe mai taushi. Idan wuƙa ta daki dutse ta tsaya cak, faifan yana so ya ci gaba da juyawa saboda nauyinsa, sai 'yar sakatar ta karye domin kada ƙarfin ya murɗe sandar ko ya fasa faifan. Da dattijon ya ɗaga faifan, sai ga guntuwar ƙusa a wurin. Wani mai gyara, shekarun baya, ya ga sakatar ta karye, ya yanke ƙusa ya cusa, injin ya tashi, aka biya shi aka yi godiya. Ƙusar ta lanƙwashe, ta fara cin ramin da take ciki, ta kuma gusar da lokacin wuta, shi ya sa igiyar ke fizga.

Na daɗe ina tunanin wannan ƙusa. Wanda ya sa ta ya ɗauka ya kyautata, tunda ya maye gurbin abu mai rauni da mai ƙarfi. Bai san raunin shi ne aikin abin ba. Irin wannan ne magabata ke kira gyaran gangar Auzinawa, kuma yana cikin dalilan da suka sa mutane da yawa suka yanke ƙauna daga gyara baki ɗaya.

Abin da aka yi don ya ƙare, da abin da aka yi don ya daɗe

Daga nan ne ma'aunin da nake ganin ya fi dacewa ya fito. Sassan inji kashi biyu ne. Kashi na farko an yi su ne da sanin za su ƙare a sauya su: fulogi, matatar iska, baƙin mai, igiya, tiyon fetur, robobin kabureta, wuƙa, tayoyi, da 'yar sakatar nan. Lalacewarsu ba tsufan inji ba ce, kamar yadda ƙarewar taya ba mutuwar mota ba ce. Masu ƙera irin waɗannan injuna kan ba da shawarar sauya baƙin mai bayan aikin awa 50 ko sau ɗaya a shekara, da yawaita duba matatar iska a wuri mai ƙura. Wanda ya jefar da inji saboda ɗaya daga cikin waɗannan ya yi kyauta ne ga ɗan gwangwan.

Kashi na biyu su ne ƙashin bayan injin: silinda, sandar da ke juya wuƙa wadda makanikai ke kira karanshaf, da kaskon ƙarfen da ke rufe wuƙar. Idan sandar ta lanƙwashe, injin zai riƙa kakkarwa har hannu ya mutu, kuma miƙe ta da guduma yana barin rauni a cikin ƙarfen da ido ba ya gani. Idan kaskon ya ruɓe da tsatsa, batun ya wuce kuɗi. Wuƙa mai tsawon santimita 53 da ke juyawa sau 3,000 a minti, bakinta na tafiyar kusan kilomita 300 a awa, kuma kaskon ne kaɗai ke tsakanin tsakuwar da ta ɗauka da idon yaron da ke wasa a gefe. A nan ba na goyon bayan lallaɓawa ko kaɗan. Haka ma ɗabi'ar ɗaure hannun birki da tsumma domin kada injin ya mutu idan an sake shi. Tun 1982 dokar Amurka ta wajabta cewa wuƙar irin wannan inji ta tsaya cikin daƙiƙa 3 bayan an saki hannun, kuma yatsun mutane da aka rasa ne suka jawo dokar.

Akwai kuma kuskuren ƙirga shekaru. Ƙanena ya kafa hujja da cewa injin ya haura shekara 20. To amma injin da ke aikin awa ɗaya a mako cikin watanni shida na damina, awa 26 ke nan a shekara, wato awa 500 da 'yan kai a shekara 20. Janaretan da ke aikin awa 5 kullum yana cinye wannan adadin cikin kwana 100 da ɗoriya. Tsufan inji da awa ake auna shi. Ta wannan ma'auni, janaretan da ƙanen nawa ya saya shekara biyu da suka wuce ya girmi injin Baba nesa ba kusa ba.

Lissafin wasu da namu

Mai neman shawara a intanet zai yi ta cin karo da wata ƙa'ida: idan kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabo, a sayi sabo. Ƙa'idar tana da ma'ana a inda aka haife ta. A Amurka da Turai ladan bakanike na awa ɗaya yana da tsada ƙwarai, inji kuma da araha idan aka gwada da albashi, don haka aikin 'yan awanni kan kusan cinye kuɗin sabo. A wurinmu abin a juye yake. Ladan hannu yana da sauƙi, sabon inji kuwa da dala ake shigo da shi. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ke tahowa ta jirgin ruwa ya bi ta. Wannan sauyi shi kaɗai ya mayar da tsofaffin injuna da dama da ke kwance a ɗakunan ajiya dukiya.

Lissafin da ya fi amfani shi ne na shekara-shekara. A raba kuɗin gyara da yawan daminar da ake sa ran gyaran zai ƙara, a raba kuɗin sabo da shekarun da ake sa ran zai yi, a gwada. A ce, a misali, gyara zai ci naira 30,000 ya ƙara damina uku, 10,000 ke nan a shekara. A ce sabo 400,000 ne kuma zai yi shekara goma, 40,000 ke nan a shekara. Alƙaluman kowa daban ne, amma hanyar ɗaya ce.

Dole in yi wa ɓangaren ƙanena adalci, domin akwai abubuwa uku da masu son gyara ke mantawa. Na ɗaya, kayan gyara ma da dala ake sayo su, kuma jabu ya yi yawa a cikinsu. Kabureta mai araha da za ta mutu bayan wata biyu ba araha ba ce. Na biyu, fetur. Tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ga injin ciyawa mai awa 26 a shekara wannan ba wani abu ba ne, amma ga janareta ko injin ban-ruwa da ya cinye yana shan mai fiye da ƙima, ɓarnar fetur ta shekara ɗaya na iya biyan babban kaso na kuɗin sabo. Na uku, lokaci. Manomin da injin ban-ruwansa ya tsaya kwana huɗu tumatirinsa na fure, asararsa ta fi kuɗin kowane gyara.

Akwai kuma tarkon da masana tattalin arziki suka daɗe da ganowa, wato waiwayen kuɗin da aka riga aka kashe. Mutum ya ce, na zuba kuɗi da yawa a injin nan, ba zan bar shi yanzu ba. Kuɗin jiya sun tafi ko an gyara ko an yar. Abin dubawa kawai shi ne abin da za a kashe daga yau da abin da za a samu. Ƙaunar mai abin ma haka take. Ina girmama abin da yayarmu ke ji game da kayan mahaifinmu, ni ma ina jin sa. Amma idan don tunawa ne, ana iya ajiye inji a ɗaki ba tare da an tura yaro ya bi bayansa da ruɓaɓɓen kasko ba.

Idan sayen ya zama dole

Wanda bincike ya kai shi ga sayen sabo, tambayar gyara ba ta rabu da shi ba, gaba kawai ta matsa. Kafin ya biya, ya zagaya inda ake sayar da kayan gyara, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ko makamantansu, ya tambaya ko ana samun kabureta da kwayil da wuƙar wannan samfurin. Injin da kowane bakanike ya san cikinsa ya fi wanda ya fi shi ƙyalli amma babu mai kayansa. Faransa ta mayar da wannan tunani doka: daga Janairun 2021 ta wajabta manna makin sauƙin gyara, daga 0 zuwa 10, a kan wasu kayayyaki, kuma injin yankan ciyawa mai lantarki yana cikin rukunai biyar na farko, tare da wayar hannu da kwamfutar cinya da talabijin da injin wanki. Mu da ba mu da irin wannan maki, ƙafarmu da bakinmu su ne za su samo mana shi.

Yana da kyau kuma a san inda kasuwar duniya ta dosa. Kamfanin Honda ya daina ƙera injin yankan ciyawa mai fetur a Amurka a 2023, kuma masu batir suna ƙara yawa. Mai batir ba shi da kabureta balle ta toshe, ba ya bukatar fulogi ko baƙin mai, kuma ga gidan da ke da sola yana da ma'ana. Sai dai batirin shi ne mafi tsada a jikinsa, zafi yana rage masa kwana, kuma ranar da ya mutu ba a Panteka za a ƙera wani ba.

Akwai ma hanya ta uku da gardamar gidanmu ba ta taɓo ba. Wani injiniya Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa a 1830 a yankin Stroud na Ingila, bayan ya ga yadda wata na'ura ke aske gashin ulu a masaƙa. An yi shi ne domin ƙasar da ake shuka ciyawa don kallo. Farfajiyar ciyawa ta zo mana ne tare da unguwannin Turawan mulki. Tsakar gidan Bahaushe daɓe ne da shara, ciyawa kuwa abincin dabba ce da ake yanka da lauje a kai kasuwa. Wanda filinsa bai taka kara ya karya ba, yana iya gano cewa maƙwabcinsa mai kiwon tumaki zai raba shi da ciyawar yana godiya.

Mu dai filinmu da girma, kuma maciji ba ya jiran mai lauje ya samu sarari. Dattijon ya cire fulogi ya juya sandar a hankali yana kallon bakinta, ya ga ba ta rawa. Ya ƙwanƙwasa kaskon ta ko'ina, ya ji ƙarfe ne har yanzu. Ya sa sakata ta gaskiya, ya sauya baƙin mai da matatar iska, ya wasa wuƙar. Abin da na biya duka bai kai kuɗin cika tankin motata ba.

Da na dawo gida na tara 'yan'uwana muka yi yarjejeniya, na rubuta ta a bangon ɗakin ajiya da alli. Za mu ci gaba da sauya duk abin da aka yi don ya ƙare. Ranar da sandar ta lanƙwashe, ko kaskon ya huje, ko injin ya fara neman ƙarin baƙin mai a kowane aiki, ba za a sake zaman shawara ba, za a sayi wani. A ƙarƙashin wannan na ƙara layi ɗaya domin kaina: idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, a bar injin ya yi ta aiki har fetur ɗin cikinsa ya ƙare kafin a rufe ɗaki.